Ajin zane na yamma a gidajen tarihi

Ajin zane na yamma wani shiri ne da gidajen tarihi da gidajen baje kolin zane-zane ke yi wa manya, inda ake taruwa bayan an tashi daga aiki a yi zane da fensir, ko da fenti, ko a yi ginin yumɓu, tare da malami mai nuna hanya. Yawanci zama ɗaya ne na awa biyu zuwa uku, daga wajen ƙarfe shida na yamma zuwa tara na dare, kuma ba a sharɗanta wa mai zuwa ya iya zane tun daga gida. Ba a yin jarrabawa, ba a ba da takardar shaida, kuma hira da sanin juna suna cikin abin da ya tara mutane, shi ya sa a wurare da yawa ake haɗa zaman da kiɗa da abin sha. Irin wannan aji ya fi yawa a Birtaniya, Amurka, Kanada, Ostireliya da ƙasashen Yammacin Turai.

Shirin ya samo asali daga tushe biyu da ba su cika jituwa ba. Na farko shi ne fafutukar ƙarni na 19 ta buɗe gidajen tarihi da dare, domin ma'aikacin da ke wuni a masana'anta shi ma ya samu shiga. Na biyu kuwa sana'a ce da ta bunƙasa a Amurka bayan shekarar 2007, ta sayar wa mutane daren nishaɗi da burushi a hannu. Mafi yawan muhawarar da ake yi a kan ajin a yau, wato wa yake zuwa, nawa ake biya, kuma me ake koya, ta taso ne daga haɗuwar waɗannan biyun.

Suna

Babu suna ɗaya da kowa ya yarda da shi. Gidajen tarihi na Landan sukan kira daren da suke buɗewa har dare da kalmar Late, wadda ke nufin jinkiri ko tsawaita lokaci, kamar Friday Late na gidan tarihin Victoria da Albert. Ajin da mutum ke shiga ba tare da ya yi rajista ba ana kiran sa Drop-in Drawing, ma'ana ka faɗo ka zana. Na 'yan kasuwa kuma shi ne Paint and Sip, wato yi fenti kana kurɓa. A Hausa kalmar "zane" ta haɗe abin da Turanci ya raba gida biyu, aikin fensir da aikin fenti, don haka a wannan maƙala an ambaci kayan aikin a duk inda bambancin ke da muhimmanci.

Tarihi

Fitilar gas a Landan

Har tsakiyar ƙarni na 19 manyan gidajen tarihi na Birtaniya da hasken rana suke aiki. In rana ta faɗi a rufe ƙofa, ranar Lahadi ma a rufe. Ma'aikacin da ke yin awa goma ko fiye a wurin aiki, kwana shida a mako, ba shi da lokacin shiga, ko da kuwa kyauta ne.

Mutumin da ya fara sauya wannan shi ne Henry Cole, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya babban baje kolin Landan na 1851, kuma shugaban farko na gidan tarihin South Kensington da aka buɗe a 1857. Wannan gida ne aka sake wa suna a 1899 ya zama gidan tarihin Victoria da Albert. Tun a shekarunsa na farko aka sa masa fitilun gas aka riƙa buɗe shi da dare a wasu ranakun mako, abin da manyan gidajen tarihi na lokacin ba sa yi. Cole bai ɓoye manufarsa ba: yana so magidanci ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa su zo kallo da yamma maimakon ya tafi mashaya shi kaɗai. Ya kuma tanadi wurin cin abinci a cikin gidan, domin wanda ya taso daga aiki da yunwa ba zai tsaya kallon tukwane ba. Ban da haka, makarantar gwamnati ta koyar da zane, wadda aka kafa a 1837, ta koma harabar gidan, ɗalibanta suna kwaikwayon kayan da aka ajiye a zauruka. Makarantar ce ta zama Royal College of Art a 1896.

Ba kowa ya bi sahu ba. Gidan tarihin Birtaniya ya ƙi fitilar gas saboda tsoron gobara, sai da wutar lantarki ta samu aka haska zaurukansa a 1890. Buɗewa ranar Lahadi ma sai da aka daɗe ana jayayya da malaman coci: gidan tarihin Metropolitan na New York ya fara a 1891, gidajen tarihi na ƙasa a Landan kuma a 1896.

Azuzuwan ma'aikata

A daidai wannan lokaci ana koyar da manya zane da yamma a wajen gidajen tarihi. A 1854 aka kafa Kwalejin Ma'aikata ta Landan ƙarƙashin jagorancin F. D. Maurice, inda marubuci John Ruskin da mai zane Dante Gabriel Rossetti suka koyar da masu sana'ar hannu bayan sun tashi daga aiki. Ruskin yakan ba ɗalibi ganye ko dutse ya ce ya zana, kuma ya sha bayyana cewa burinsa kafinta ya iya kallon abu da kyau ya ji daɗin rayuwarsa, ko da bai taɓa zama mai zane ba. Wannan ra'ayi, cewa zane hanya ce ta koyon gani, shi ne har yau malaman gidajen tarihi suke dogara da shi.

Misali mafi shahara ya fito ne daga Ashington, garin masu haƙar kwal a arewa maso gabashin Ingila. A 1934 wasu ma'aikatan ma'adinai suka nemi ƙungiyar ilimin ma'aikata ta turo musu wanda zai koya musu fahimtar zane-zane. Aka turo Robert Lyon daga Kwalejin Armstrong ta Newcastle. Ya fara da nuna musu hotunan manyan ayyukan Italiya a majigi, amma abin bai shige su ba, domin yawancinsu ba su taɓa shiga gidan baje kolin zane ba. Sai ya juya tsarin: kowa ya je ya yi nasa zanen, mako mai zuwa a kawo a tattauna. Suka riƙa zana abin da suka sani, ramin kwal, dawakan da ke jan kaya a ƙarƙashin ƙasa, tseren karnuka, mata a ɗakin girki, sau da yawa da fentin bango a kan katako. An baje ayyukansu a Newcastle a 1936, ƙungiyar ta ci gaba da haɗuwa kusan shekara hamsin, kuma a yau zane-zanen suna ajiye a gidan tarihin Woodhorn kusa da garin. Lee Hall ya mayar da labarin wasan kwaikwayo a 2007.

Victor D'Amico a New York

Gidan da ya fi kowa ɗaukar koyar da manya da muhimmanci a tsakiyar ƙarni na 20 shi ne gidan zane-zanen zamani na New York, wanda aka fi sani da MoMA. Victor D'Amico ya jagoranci sashen ilimi na gidan daga 1937 har ƙarshen shekarun 1960. A 1944, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, ya buɗe cibiyar zane ta tsofaffin sojoji da taimakon Abby Aldrich Rockefeller, inda sojojin da suka dawo daga fagen daga suke koyon fenti, sassaƙa, ginin tukwane da aikin katako kyauta. Sojoji fiye da dubu ne suka ratsa ta kafin a rufe ta a 1948, aka maye gurbinta da People's Art Center, cibiyar da ke karɓar kowa, yara da manya. A 1960 kuma ya sayi wani tsohon jirgin ruwan dakon kaya na soja, ya girke shi a gaɓar Long Island ya mayar da shi makarantar bazara, wadda har yanzu tana aiki.

D'Amico ya tsani kwaikwayo. A ganinsa littattafan cika launi da akwatunan fenti masu lamba, waɗanda suka cika kasuwannin Amurka a farkon shekarun 1950, suna kashe tunanin mai koyo. Da ya ga yadda ake gudanar da yawancin azuzuwan kasuwa na yau, inda mutum talatin ke fita da hoton faɗuwar rana iri ɗaya, da wuya ya yarda a kira su aji.

Dawowar dare

Daga ƙarshen shekarun 1990 gidajen tarihi suka sake waiwayar dare, wannan karon don jawo matasa masu aikin ofis. Birnin Berlin ya fara dogon daren gidajen tarihi a 1997, inda tikiti ɗaya ke shigar da mutum gidaje da dama har tsakar dare. Gidan tarihin Brooklyn ya fara shirinsa na Asabar ɗin farkon wata a 1998, gidan Victoria da Albert ya fara Friday Late a 1999, Tate Britain ta bi a 2000. Faransa ta ƙaddamar da daren gidajen tarihi a 2005, wanda ya zama na Turai baki ɗaya, ana yin sa a watan Mayu. Gidan tarihin kimiyya na Landan ya keɓe nasa daren ga 'yan shekara 18 zuwa sama.

A irin waɗannan darare ne teburin zane ya samu gurbi tsakanin makaɗi da mai sayar da abin sha. Gidan hotunan fitattun mutane na Landan ya shafe shekaru yana gudanar da zaman zane kyauta a daren Juma'a, yana ba da takarda da fensir. Gidan Metropolitan ma yana da irinsa a cikin zaurukansa, ba a biyan komai bayan kuɗin shiga. A 2015 gidan Rijksmuseum na Amsterdam ya fito da kamfe na roƙon baƙi su ajiye waya su zana abin da suke gani, yana raba musu littafin zane da fensir, ko da yake bai hana ɗaukar hoto ba.

Sana'ar fenti da kurɓa

Ɗaya tushen daga kasuwa ya fito. A 2005 mai zane Molly Crabapple da abokiyar aikinta suka fara Dr. Sketchy's a wata mashaya a Brooklyn, zaman zana mutum da aka cakuɗa da raha da gasa, wanda ya bazu zuwa birane da dama. A 2007 Cathy Deano da Renee Maloney suka buɗe wani ɗakin fenti a Mandeville ta jihar Louisiana, yankin da ke farfaɗowa daga guguwar Katrina ta 2005, inda kowa ke zuwa da abin shansa malami yana nuna yadda za a yi hoto mataki-mataki. Daga nan kamfanin Painting with a Twist ya fito. Pinot's Palette ya biyo baya a Houston a 2009, sai Paint Nite a Boston a 2012, wanda bai gina ɗaki ba, sai ya riƙa kai ajin mashaya da gidajen abinci a ranakun da ciniki ke ja baya. Salon koyarwar ya yi kama da na Bob Ross, wanda shirinsa na talabijin daga 1983 zuwa 1994 ke kammala hoto guda cikin rabin awa. A 'yan shekarun nan irin wannan zama ya iso Legas da Abuja, inda ake yin sa a gidajen abinci da wuraren shaƙatawa.

Gidajen tarihi, musamman ƙanana na garuruwan Amurka, sun lura da kuɗin da ke cikin abin, suka ari tsarin suka ƙara masa abin da mashaya ba ta da shi, wato kayan tarihi na gaske a ɗaki na gaba.

Yadda zama ke gudana

Zaman da aka saba yana farawa ne da zagaye na minti ashirin ko talatin a cikin zaure. Malami ko ma'aikacin gidan zai tsayar da mutane gaban aiki ɗaya ko biyu, ya yi tambaya maimakon lacca: daga ina haske ya shigo wannan hoto, me ido ya fara sauka a kai, launi nawa aka yi amfani da su a fuskar nan. Daga nan a koma ɗakin aiki, ko kuma a zauna nan cikin zauren a kan kujerun naɗewa.

Babbar matsalar malami a rabin awar farko ita ce kunya. Yawancin manya sun daina zane tun suna firamare, hannunsu ya tsaya a inda suka bar shi, kuma sun san haka. Saboda haka ake farawa da atisayen da ke hana kowa yin abin kirki. Akwai zana abu ba tare da an dubi takarda ba, dabarar da Kimon Nicolaïdes ya yaɗa a littafinsa na 1941. Akwai zane da hannun da mutum bai saba da shi ba, da zane na daƙiƙa talatin, da zana fuskar wanda ke zaune kusa ba tare da ɗaga fensir ba. Akwai kuma kifa hoto a kwaikwaye shi a kife, wanda Betty Edwards ta shahara da shi tun 1979. Bayanin da ta bayar game da ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa masana sun ce an zuzuta shi, amma atisayen kansa yana aiki, domin in hoto ya kife mutum yakan daina zana "hanci" da ya haddace ya koma bin layin da ke gabansa. Dariyar da ake yi wa sakamakon ita ce ke buɗe hira tsakanin baƙi.

Sauran lokacin na babban aikin dare ne. A ƙarshe akan jera takardu a ƙasa ko a bango kowa ya zagaya ya gani, ba a ba da maki.

Abin da ake koyarwa ya danganta da kayan gidan. Gidan hotunan mutane zai koyar da zana fuska, gidan kayan halittu zai fito da ƙasusuwa da tsuntsaye, gidan kayan ado zai koyar da buga zane a ƙyalle ko ginin yumɓu. Gidan tarihin fasahar Musulunci na Doha, wanda aka buɗe a 2008, da gidan tarihin Aga Khan na Toronto, wanda aka buɗe a 2014, suna shirya wa manya darussan rubutun ƙawa na Larabci da zanen siffofin lissafi da kamfas da rula. Wasu gidajen Turai kuma suna yin zaman zana jikin mutum, inda ake ɗaukar wani ya tsaya, da tufafi ko babu, kuma akan bayyana wannan a sanarwa tun kafin a sayi tikiti. Wannan darasi yana da nasa tarihin wariya: makarantar Royal Academy ta Landan ta fara karɓar mata a 1860, amma sai a 1893 aka bar su shiga ajin zana jiki.

Dokokin kare kaya

Abin da ya fi takura ajin shi ne lafiyar kayan da aka ajiye. A yawancin gidaje fensir kaɗai aka yarda a shiga da shi zaure. Tawada da fenti suna iya fantsama, gawayi da alli kuma suna tashin ƙura da ke sauka a kan hotuna. Abinci da abin sha ba sa wuce ƙofar zaure, saboda zubewa da kuma ƙwari. Wannan ne ya sa ajin fenti kusan kullum a ɗaki dabam ake yin sa, mahalarta suna aiki daga hoton da aka buga ko daga abin da suka zana da fensir tun a zagayen farko.

Haske ma ƙayyadadde ne. Ayyukan takarda da ƙyalle ana ajiye su a hasken da bai wuce lux 50 ba, hotunan fentin mai kuma wajen lux 200, domin haske yana kashe launi kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Kowace awa da aka ƙara da dare tana shiga lissafin hasken da kayan suka sha a shekara. Mai zane a irin wannan zaure yakan tarar da takardarsa ta fi abin da yake kallo duhu.

Masu fenti a gaban hoto na asali rukuni ne dabam, kuma tsohon tsari ne. Gidan Louvre na Paris yana ba masu kwaikwayo izini tun buɗe shi a 1793, gidan Metropolitan kuma tun 1872. Sai an nemi izini a rubuce, kuma a Louvre dole girman kwafin ya bambanta da na asali don kada a sayar da shi a matsayin na gaske.

Dalilan gidajen tarihi

Dalili na farko kallo ne. Wani bincike da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka yi a gidan Metropolitan, wanda aka wallafa a 2001, ya gano cewa matsakaicin lokacin da baƙo ke yi gaban shahararren hoto bai kai daƙiƙa 30 ba. Da aka maimaita shi a Chicago bayan shekara goma sha biyar, sakamakon bai sauya sosai ba, sai dai yanzu wani ɓangare na lokacin yana tafiya a ɗaukar hoton kai. Wanda aka ba fensir kuwa zai iya yin minti arba'in gaban abu ɗaya, kuma zai lura da yadda aka ɗora hannu ko aka lanƙwasa wuyan tulu, ko da zanensa bai yi kyau ba.

Na biyu, masu zuwa. Baƙin rana yawanci 'yan makaranta ne, masu yawon buɗe ido da waɗanda suka yi ritaya. Mai aiki ɗan shekara 25 zuwa 40 da ke zaune a garin shi ne wanda ba a cika gani ba, kuma shi ne ake fatan zai sayi katin zama mamba nan gaba.

Na uku kuɗi ne. Tikitin aji, cinikin abin sha, da hayar zaman ga kamfanoni ko masu bikin zagayowar haihuwa suna shigo da kuɗi a lokacin da ginin zai kasance a rufe. A Amurka, inda yawancin gidajen tarihi ba gwamnati ke ɗaukar nauyinsu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai buɗewa da dare tana da nata tsada: masu gadi, masu shara, wuta da inshora.

Lafiya da kaɗaici

Tun wajen 2018 ake ƙara danganta irin waɗannan azuzuwa da lafiya. A watan Janairun shekarar Birtaniya ta naɗa Tracey Crouch ministar da ke kula da matsalar kaɗaici. A watan Nuwamba kuma gidan zane-zane na Montreal a Kanada ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar likitoci, inda likita zai iya rubuta wa majiyyaci ziyarar gidan kyauta kamar yadda yake rubuta magani. A lokacin gidan yana da ɗakin aiki da kowa zai iya shiga ya yi zane, da ma'aikaci na dindindin mai jinya ta hanyar zane. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton Daisy Fancourt da Saoirse Finn, wanda ya tattaro bincike fiye da 3,000 a kan fasaha da lafiya.

Ana yawan ambaton bincike biyu a tallan azuzuwan, kuma dukansu suna buƙatar a karanta su da hankali. A na farko, wanda Girija Kaimal ta jagoranta a Jami'ar Drexel a 2016, manya 39 sun yi aikin hannu na minti 45, aka samu sinadarin damuwa na kotisol ya ragu a yawun kusan kashi 75 cikin ɗari daga cikinsu, ko sun iya zane ko ba su iya ba. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma ba a gwada su da wani rukuni da ya zauna ya huta kawai ba. Na biyu, na Fancourt da Andrew Steptoe a 2019, ya bi mutum 6,710 masu shekara 50 zuwa sama a Ingila na tsawon shekara 14, ya samu cewa masu zuwa gidajen tarihi, wasan kwaikwayo ko kiɗa a kai a kai haɗarin mutuwarsu a wannan lokaci ya yi ƙasa da kashi 31 cikin ɗari. Wannan bincike a kan masu kallo ne, bai shafi masu zane ba, kuma ko da an cire tasirin dukiya da ilimi, irinsa ba ya iya tabbatar da cewa ziyarar ce ta jawo tsawon rai.

Abin da ya fi sauƙin gani shi ne yanayin zaman kansa. Mutum zai iya zuwa shi kaɗai ba tare da ya ji ya fita dabam ba, domin kowa idonsa na kan takarda, kuma shiru ba abin kunya ba ne. Magana takan fara daga aron abin goge fensir.

Lokacin annobar korona

A 2020 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na gidajen tarihi na duniya, fiye da 85,000, sun rufe na wani lokaci. Azuzuwa da yawa suka koma intanet, malami yana nuna hoton kayan a allo mahalarta suna zane a gida. Hakan ya kai darasin ga mutanen da ke nesa da waɗanda ba sa iya fita, kuma wasu gidajen sun ci gaba da shi bayan an buɗe. Abin da allo bai iya kawowa ba shi ne girman abu, kaurin fenti, da damar zagayawa bayan mutum-mutumi.

Suka

Masu suka daga cikin malaman zane suna cewa tsarin bi-ni-a-baya na kasuwa ba ya koyar da komai sai bin umarni, kuma gidan tarihi da ya are shi ya watsar da gadon D'Amico. Masu kare shi suna amsawa cewa mutumin da ya shekara ashirin bai taɓa burushi ba yana buƙatar ya fita da abin da zai iya ratayewa, in ba haka ba ba zai dawo ba. Gidaje da dama sun tsaya a tsakiya: a nuna dabara ɗaya, a bar kowa ya zaɓi abin da zai zana.

Batun giya ma yana raba kawuna. Ga wasu ita ce ke sassauta kunya. Amma tana nisanta waɗanda ba sa sha saboda addini, ko lafiya, ko don suna ƙoƙarin dainawa, kuma abin lura ne cewa daren da Henry Cole ya ƙirƙiro don ya janye ma'aikaci daga mashaya yanzu da abin sha ake tallarsa. Wasu gidajen suna yin zaman shayi ko kofi a madadinsa.

Suka mafi nauyi ita ce ta wanda ke zuwa. Tun 1966 masana zamantakewa Pierre Bourdieu da Alain Darbel suka nuna, daga binciken da suka yi a gidajen tarihi na Faransa da wasu ƙasashen Turai, cewa zurfin karatu ne ya fi komai nuna wanda zai shiga gidan tarihi, fiye ma da kuɗin shiga. Ajin yamma ya warware matsalar lokaci ga mai aikin ofis da ke tashi ƙarfe biyar. Bai warware ta ga mai aikin dare ba, ko direba, ko ma'aikaciyar jinya, ko uwar da ba ta da wanda za ta bar wa yara, ko wanda motar unguwarsa ke daina zirga-zirga da wuri. A Birtaniya an dawo da shiga kyauta a gidajen tarihi na ƙasa a watan Disambar 2001, amma wannan ya shafi kayan dindindin ne kawai. Baje koli na musamman da azuzuwa da yawa ana biya, kuma malaman da ke koyarwa a cikinsu galibi ba ma'aikatan gidan ba ne, ana ɗaukar su ne zama-zama.